Me Ya Sa Ci Gaban Fim Ɗin Da Aka Daɗe Ana Jira Yake Raba Kan Masu Kallo?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Zariya ne a nan Maraɗi, kuma tun ina yaro nake son fina-finan Indiana Jones, waɗanda muka riƙa kallo a kaset a gidan kallo. Kwanakin baya muka haɗu a fadarmu muka kalli na biyar, wanda aka ce shi ne na ƙarshe. Kafin a sauke shayi na biyu gardama ta kaure. Manyanmu suka ce an ɓata musu fim, wasu suka ce ya fi na huɗu nesa ba kusa ba, ƙannenmu kuwa suka koma danna waya tun fim bai kai rabi ba. Ni kaina ban iya cewa na ji daɗinsa ko ban ji ba. Shin fim ɗin ne bai yi kyau ba, ko mu ne muka canza? Kuma idan zan nuna wa ƴaƴana, da wanne ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake son sani shi ne inda laifi yake idan fim ɗin da aka shafe shekaru ana jira ya iso, masu kallo kuma suka tashi kansu a rabe: ga waɗanda suka shirya shi ne, ko ga waɗanda suka zauna kallo. Amsata a taƙaice ita ce kowane ɓangare yana da nasa kason, amma kason ba daidai yake ba, kuma akwai yadda mutum zai yi ya tantance. Ina magana ne a matsayin wanda ya daɗe yana riƙe da gidan kallo a garin nan, tun zamanin kaset da janareta, aka wuce zamanin faifai, har sana'ar ta koma tura fim cikin waya. Mai irin wannan aiki yakan fi lura da fuskokin da ke kan benci fiye da allon kansa, domin daga nan yake gane fim ɗin da zai sake sakawa gobe da wanda zai mayar cikin kwali.

Tsawon jiran

Sai an fara da lissafin shekaru kafin a fahimci gardamar fadarku. Fim na farko ya fito a 1981, na biyu a 1984, na uku a 1989. Dukansu Steven Spielberg ne ya ba da umarni, George Lucas ne tushen labarin, Harrison Ford kuma ya fito a matsayin malamin jami'ar nan mai binciken kayan tarihi, mai hula da bulala. Fina-finai uku ke nan cikin shekara 8. Daga nan aka yi shiru na shekara 19, sai a 2008 na huɗu ya fito, aka sake yin shiru na shekara 15 kafin na biyar a ƙarshen watan Yuni na 2023. A tsakani kamfanin Disney ya saye kamfanin Lucas a 2012, a 2016 aka sanar cewa na biyar zai fito a 2019, aka yi ta ɗage ranar, sannan a 2020 Spielberg ya janye daga ba da umarni, James Mangold ya karɓa. Ford, wanda aka haifa a 1942, yana da shekara 38 lokacin da na farko ya fito, 65 lokacin na huɗu, 80 lokacin na biyar.

Mai kallo ma haka shekarun suka bi ta kansa. Yaron da ya tara ƴan kuɗinsa ya shiga gidan kallo a shekarun 1990 yau magidanci ne, wataƙila har da furfura a gemu, kuma abin da ya rage masa na tsofaffin fina-finan ba fina-finan ba ne sukutum. Abin da ya rage wurare ne ƙalilan da suka zauna masa a rai: ƙaton dutsen da ya birgimo a bayan jarumi cikin kogo, ramin da ke cike da macizai, da mai takobin nan da ya gama juya takobinsa a tsakiyar kasuwa jarumi ya zaro bindiga ya harbe shi ba tare da ɓata lokaci ba. Dogayen maganganun da ke tsakanin waɗannan wurare duk sun zube daga ƙwaƙwalwa. Na sha saka tsohon fim ga mutanen da suke rantsuwa ba a taɓa yin kamarsa ba, sai in ga da an kai wurin da malaman jami'a suke bayani a gaban allo, su ne na farko da za su ce a tura gaba. Saboda haka idan sabo ya zo da tsawonsa cikakke, da wuraren zafinsa da na sanyinsa, ba da tsohon fim ake gwada shi ba, ana gwada shi ne da tataccen abin da zuciya ta ajiye, kuma babu mai ba da umarnin da zai iya yin gasa da wannan. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Wannan shi ne kason mai kallo, kuma gaskiya ne, sai dai an cika fakewa da shi a wanke masu shirya fim, kamar dai duk wanda ya ce bai gamsu ba tsufa ne ke damunsa. Ban yarda da haka ba.

Bashin da labari ke ci

Duk fim ɗin da ya ƙare ya bar tambaya a buɗe ya ci bashin mai kallo, ci gabansa kuma biyan bashin ne. Mai bin bashi ya san abin da yake jira, kuma da an miƙa masa zai gane ko an cika masa. Mutanen garin nan sun ga wannan a fim ɗin Indiya na Baahubali: kashin farko ya ƙare a 2015 da nuna cewa Katappa, amintaccen bawan gidan sarauta, shi ne ya soke ubangidansa, aka yi shekara 2 ana tambayar dalili a shagunan tura fim da tashoshin kabu-kabu, har kashi na biyu ya zo a 2017 ya ba da amsa. Kowa ya shiga kallon da tambaya ɗaya a ransa, shi ya sa kawuna ba su rabu sosai ba.

Dubi kuma yadda Indiana Jones na uku ya ƙare. Jarumi ya sasanta da mahaifinsa, wanda Sean Connery ya fito a matsayinsa, ya ceci ransa, ya haƙura da kofin da suka sha wuya a kansa, sannan su huɗu suka hau dawaki suka nufi faɗuwar rana. Babu sauran tambaya. Abin da mutane suka yi shekara 19 suna jira ba amsa ba ce, wani daɗi ne da suka taɓa ji suke son ya dawo, kuma kowa da nasa. Wani barkwancin jarumin yake so, wani faɗan, wani kogunan da tarkunansu, wani kuma kiɗan John Williams kawai ya ishe shi. Idan masu fim suka maimaita abin da aka sani, a ce ba su da sabon tunani. Idan suka kauce masa, a ce sun ɓata gado. Manyan fadarku da suka ce an ɓata musu fim, da za ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da aka ɓata, da wuya biyu su faɗi abu guda.

Tsawon jira shi kaɗai ba ya kashe fim. Top Gun ya fito a 1986, ci gabansa sai a 2022, shekara 36 ke nan, amma ya tara kusan dalar Amurka biliyan ɗaya da rabi kuma masu kallo suka fito suna yabo. Dalilin da na gani shi ne marubutansa sun tono bashin gaske a cikin tsohon labarin: abokin jarumi ya mutu a na farko, ɗan marigayin ya girma yana riƙe da jarumin a zuci, sabon fim ɗin kuma a kan wannan aka gina shi. Amma wannan ƙa'ida tawa ba ta kama kowane fim ba. Gadar na Sunny Deol ya fito a 2001, na biyunsa a Agustan 2023, makonni kaɗan bayan Indiana Jones na biyar. Babu wata tambaya da aka bari a na farko, masu sharhi ma ba su yaba na biyun sosai ba, duk da haka ya shiga sahun fina-finan da suka fi kawo kuɗi a Indiya a wannan shekara. Abin da ya yi shi ne ya dawo da jarumin yadda aka bar shi, da tsawarsa da ƙarfinsa, kamar shekara 22 ba su wuce ba. Wannan hanya ce da Indiana Jones na biyar ya ƙi bi, kuma da jarumi mai shekara 80 ba ta ma biyuwa.

Abin da ya canza a aikin kansa

Fim ɗin kasada a jikin jarumi yake tafiya. Abin da ya bambanta wannan jarumi da su Rambo shi ne akta ne mai shan duka: yana faɗuwa, yana ɗingishi, yana tsoron maciji, dabararsa takan ruguje ya koma neman mafita a guje. A fim na farko, wanda aka ɗauki wuraren Masar ɗinsa a Tunisiya, akwai wurin da aka jefo shi ta gaban babbar mota, ya bi ta ƙarƙashinta tana tafiya, ya maƙala bulalarsa motar ta riƙa jan sa a ƙasa. Mutum ne na gaske, cikin masu tsaya wa jarumai a wuraren haɗari, ya shiga ƙarƙashin motar gaske, ƙurar da ta tashi kuma ƙurar hanya ce. Ido yana gane nauyi ko da mai idon bai san yadda ake haɗa fim ba. A gidan kallo irin wannan wuri ne za ka ga mutane sun miƙe tsaye a kan benci, na baya suna ihu a zauna.

A na huɗu an koma dogara da haɗin kwamfuta a wuraren da suka fi buƙatar a ji tsoro: tseren motoci a dajin Amazon, matashin da yake lilo daga reshe zuwa reshe birai na biye da shi, da tururuwan da suke cinye mutum. Mai kallo ba ya cewa hasken bai dace ba ko hoton bai zauna ba, abin da yake cewa shi ne "wannan ai katun ne", kuma da zarar ya faɗi haka, hankalinsa ya bar jarumin.

Na biyar ya buɗe da fiye da minti 20 a shekarar 1944, cikin dare, a kan jirgin ƙasan sojojin Jamus, an yi amfani da kwamfuta an mayar da fuskar Ford ta ƙuruciya. Aikin yana da kyau idan fuskar tana tsaye, amma muryar da ke fitowa daga bakin ta dattijo ce, kuma kunne ba ya ruɗuwa da sauƙi. Daga nan aka tsallaka zuwa 1969, aka nuna shi tsoho shi kaɗai a ɗaki, kiɗan maƙwabta ya tashe shi daga barci, yana shirin ajiye aiki, ɗansa ya mutu a yaƙin Biyetnam, aurensa yana tangal-tangal. A nan ne manyanku suka ji an taɓa su, domin ba wanda yake son ganin gwarzon ƙuruciyarsa a wannan hali. A ganina kuwa nan ne fim ɗin ya fi gaskiya, kuma wurin da yake gaya wa ƴar amininsa abin da zai faɗa wa ɗansa da zai iya komawa baya yana cikin mafi kyawun wasan da Ford ya yi a duk jerin. Matsalar ita ce masu fim ba su amince da abin da suka samu ba. Sun nuna mana tsoho mai ciwon jiki, sannan suka ɗora shi a kan doki ya bi hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka saka shi a adaidaita ana tsere a titunan Maroko, suka kuma sa shi nutso a teku. Fim ɗin ya kai minti 154, alhali na farko minti 115 ne, kuma yawancin ƙarin ya tafi ne a tseren da na'urar da ake nema take fita daga wannan hannu ta koma wancan ba tare da labarin ya motsa ba. Ƙannenka da suka koma danna waya ba su da wata tsohuwar soyayya da za ta riƙe su, saboda haka hukuncinsu a kan tsakiyar fim ɗin ya fi na kowa tsabta a fadar.

"Ƙarya ta yi yawa"

Wannan ita ce kalmar da aka fi jefa wa na huɗu, musamman wurin da jarumi ya shige firij mai rufin dalma, bam ɗin nukiliya ya tashi, firij ɗin ya yi sama ya faɗo can nesa, shi kuma ya fito da ƙafafunsa. To amma a na biyu mutum uku sun faɗo daga jirgin sama cikin kwale-kwalen roba, suka sauka a kan dutse mai ƙanƙara, suka gangara kogi, ba wanda ya karye. A na farko an buɗe akwati wasu halittu suka fito, fuskokin mugaye suka narke. Ƙaryar ba sabuwa ba ce, kuma mun daɗe da sanin cewa akta ba ya mutuwa. Abin tambaya shi ne me ya sa aka karɓi waccan aka ƙi wannan.

Wani ɓangare na amsar shekarun mai kallo ne, amma akwai abin da ya shafe mu musamman. Abin da ake nema a fim na farko shi ne akwatin alkawari na Bani Isra'ila, wanda duk almajirin da ya karanta ƙissar Ɗalutu a Suratul Baƙara ya ji ambaton Tabuti. A na uku kofi ne da Kiristoci suke dangantawa da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A na biyu duwatsu ne masu tsarki a wurin mutanen wani ƙauye, da matsafi mai mugun asiri. Ko mutum bai yarda da yadda fim ya kawo su ba, tsarin tunanin sananne ne a wurinmu: akwai abu mai kwarjini da ba a taɓa shi da hannun kwaɗayi, akwai dukiyar da aka binne aka sa mata mai gadi, wanda ya yi zari kuma shi ke halaka. Tun a tatsuniya muka san wannan. A na huɗu sai aka kawo halittun wata duniya da jirginsu mai siffar faifai. Lucas yana da hujjarsa, domin labarin a 1957 yake, zamanin da fina-finan Amurka suka cika da irin waɗannan halittu da fargabar Tarayyar Sobiyet. Amma ko a can hujjar ba ta gamsar da kowa ba, balle a nan da abin ba shi da saiwa ko kaɗan. Na lura cewa mutumin da zai yi shiru ya nutsu idan aka nuna aljani a bakin kogo, shi ne zai yi tsaki idan aka nuna wannan jirgi.

Na biyar ya ɗauko na'urar masanin lissafin nan na Girka, Arkimidis, wadda a labarin take nuna ƙofofin da ake ratsa zamani, har jirgin su jarumi ya faɗa cikin yaƙin da Rumawa suka yi wa birnin Sirakus ƙawanya, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. A nan ma kawuna sun rabu, sai dai ni ina cikin masu ganin wannan ƙarshe ya dace da mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tonon abin da ya wuce, ba shi kuma da wani abin da ke jiran sa a gida. Da ya ce a bar shi a can, maganar ta fito daga inda ya kamata.

Akwai masu ƙorafin cewa akta bai kashe bos da hannunsa ba. Wannan ƙorafi bai san jerin ba, domin a na farko jarumi yana ɗaure a jikin turke aka hallaka mugaye, a na uku kuma bos da kansa ya sha ruwa a kofin da ba shi ba ne ya ruɓe nan take. Kwaɗayinsu ne ke kashe su. Amma a waɗancan fina-finai jarumi yana yanke shawara a lokacin da ya fi tsanani: shi ya ce a rufe ido kada a kalli abin da ke cikin akwatin, shi kuma ya janye hannunsa daga kofin da mahaifinsa ya kira shi da sunan da yake so. A na biyar ba a bar shi ya zaɓa ba. Ƴar amininsa ta naushe shi ya suma, ya farka a gadonsa a 1969. Wannan aibi ne na gaske a rubutun, kuma ina jin shi ne abin da ya bar ka ba ka san ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba, domin an kai ka bakin babbar tambaya sannan aka amsa ta da naushi. Dattawanmu kuma sun ƙara da nasu, cewa yarinyar ba ta da kunya ga wanda yake matsayin uba gare ta. Marion ta fim na farko ma da naushi ta tarbe shi, amma ita tsohuwar masoyiyarsa ce, ba wadda yake matsayin uba gare ta ba, kuma a wurinmu wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Inda aka kalla da yadda aka kalla

Akwai abin da masu sharhin ƙasashen waje ba sa sakawa a lissafi. Yawancinmu mun kalli tsofaffin ne da Faransanci ko Ingilishi, kuma rabin ɗakin ba ya jin ko ɗaya, sai ɗan lakwal guda a gefe yana fassarawa gwargwadon abin da ya kama. Duk da haka kowa ya bi labarin, domin Spielberg da hoto yake bayani: ga gunki, ga buhun yashi, ga tarko, ga ƙofa tana saukowa. Na biyar ya fi dogara da magana, ana ta zancen lissafi da taswira da rubutun Girkanci, wanda bai ji harshen ba kuma an bar shi a baya.

Sannan a da cikin taro ake kallo. Idan mutum ɗaya ya yi ihu, hamsin sun ɗauka, dariyar na kusa da kai tana ƙara maka taka. Yau mutum yana kallo a waya, sau da yawa kwafin da aka matse don ya shiga katin ajiya, wani lokaci ma wanda aka ɗauka da kyamara a cikin sinima. Fim ɗin da aka buɗe shi da dare a kan jirgin ƙasa, idan ya bi ta wannan hanya, abin da zai iso maka duhu ne da ƙara. Da yawa daga waɗanda suka yanke wa na biyar hukunci a garin nan ba su ga abin da aka ɗauka ba.

Kuɗi da surutu

Za ka ji ana kafa hujja da kuɗi, to a yi hattara da ita. Na huɗu ya tara kimanin dalar Amurka miliyan 790 a duniya, na biyar kuwa kimanin miliyan 384, alhali an ruwaito cewa shirya shi ya ci wajen miliyan 300, ban da kuɗin talla, gidajen sinima kuma suna riƙe kasonsu daga abin da aka tara, wato an yi asara. Amma wannan ba ya nufin na huɗu ya ninka na biyar kyau. Kuɗin da ci gaban fim yake samu a makonnin farko ladan wanda ya gabace shi ne. Mutane sun yi tururuwa a 2008 saboda ƙaunar ukun farko, da yawa kuma suka ƙi fita a 2023 saboda abin da suka gani a 2008, ga shi matasan da suka fi cika sinima ba su taso da jarumin ba. Waɗanda ke fadarku da suka ce na biyar ya fi na huɗu ba su kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

An kuma fara nuna na biyar a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a watan Mayu, makonni 6 kafin ya shiga sinima, sharhin da ya fito daga can kuma bai yi zafi ba, saboda haka hukunci ya riga fim ɗin isa ko'ina. A shagona mutum yakan miƙo waya ya ce, "An ce bai yi kyau ba, gaskiya ne?" tun bai ga minti ɗaya ba, domin ya riga ya ci karo da guntayensa da masu zaginsa a Facebook da TikTok. Wanda ya zauna kallo da wannan a kunnensa aibi yake nema, kuma zai samu.

Duk abin da na faɗa daga bencin gidan kallo da bakin shago na ɗebo shi, inda mafi yawan masu zuwa samari ne da magidanta, don haka ba hukunci ba ne a kan kowane mai kallo, kuma ɗanɗano ba abin da wani zai yanke wa wani ba ne. Abin da zan iya ba ka shi ne gwaji. Ka nemi kwafi mai kyau na fim na farko ka kalle shi daga farko har ƙarshe a talabijin ba tare da tura ko minti ɗaya gaba ba, washegari ka yi wa na biyar haka. Ka lura da wuraren da hannunka yake neman waya. Idan sun yi daidai da wuraren da ƙannenka suka gaji, laifin fim ne. Idan kuwa abin da ke damunka shi ne ganin furfurar jarumin da jin kiɗan nan yana tashi a kan mutumin da ba ya iya gudu, to wannan tsakaninka ne da shekarunka, kuma masu fim ɗin da gangan suka taɓa wurin.

Batun yaran

Ka fara musu da na farko, ka bi da na uku, kuma kada ka cika su da yabo kafin a kunna, domin za ka ɗora musu irin nauyin jiran da ya hana ka sakewa. Na huɗu yara sukan karɓe shi fiye da manya, birai da tururuwan da suka ba ka haushi su ne abin da za su yi ta ba da labari. Na biyar a bar shi sai sun ƙara girma, tunda rabinsa zancen tsufa ne da rashin ɗa, abin da yaro ba shi da inda zai ajiye shi. Ko na farkon ma ka zauna kusa da su idan an zo buɗe akwatin, saboda fuskokin da ke narkewa.

Na biyu shi ne wanda zan ce ka jinkirta. Labarinsa a 1935 yake, shekara guda kafin na fim na farko, don haka tsallake shi ba ya yanke zaren komai. Bos ɗinsa Amrish Puri ne, wanda duk mai kallon fina-finan Indiya a garin nan ya san idanunsa, kuma akwai wurin da yake zaro zuciyar mutum da hannu mutumin yana raye, ga yara da aka bautar a ramin haƙar ma'adinai ana dukan su. Koke-koken iyaye a kan wannan fim suna cikin dalilan da suka sa a 1984 aka ƙirƙiro wani sabon mataki a tsarin tantance fina-finai na Amurka, mai gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Yadda ya nuna mutanen Indiya suna cin macizai da ƙwaƙwalwar biri ma ƙage ne, hukumomin ƙasar ba su amince da rubutun ba, sai a Siri Lanka aka ɗauki wuraren. Idan lokacin nuna musu shi ya yi, ka gaya musu wannan tun kafin a kunna.